"BA YA TAUNA MAGANA": YABO NE KO ZARGI?

 

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami a wannan karo ya faru ne a wata ƙaramar majami'armu a ƙasar Dawakin Tofa. Ba za mu ambaci garin ba, gama irinsa yana faruwa a wurare da yawa. An sami saɓani a kan iyakar filin majami'a da gonar wani maƙwabci, aka zauna bayan sujada domin a zaɓi wanda zai je gaban dagaci da yawun ikkilisiya. Nan da nan matasa suka kira sunan wani ɗan'uwa, suka ce, "Shi ya dace. Ba ya tsoron kowa, ba ya tauna magana, abin da ya zo bakinsa shi yake faɗa." Aka tafa. Sai wata gwauruwa daga zumuntar mata ta ɗaga hannu ta ce, "Baba Fasto, ina da tambaya. Shi wannan ɗan namu a birni yake kwana. In ya gama faɗar abin da ya zo bakinsa ya hau babur ɗinsa ya tafi, su wa za su je rijiya da safe?" Majami'a ta yi tsit.

Tambayar Mama ce ta hana mu barci. Mun lura cewa a tsakaninmu kalmar nan "ba ya tauna magana" ta zama kamar takardar shaida. Da ita ake tallar mutum a zaɓen dattawa, da ita ake yabon mai wa'azi, da ita ake zaɓen shugaban matasa. Ra'ayinmu, kuma ba za mu ɓoye shi ba, shi ne mun haɗa abubuwa biyu da ba ɗaya ba ne muka ba su suna guda. Akwai faɗar gaskiya gaba gaɗi, wadda baiwa ce daga Ruhu Mai Tsarki. Akwai kuma garaje, wanda rauni ne na jiki. Wanda aka ce masa mai garaje bai kamata ya yi murmushi ba, an nuna masa ciwonsa ne. Wanda aka ce ba ya tauna magana kuwa, kada ya yi saurin godiya, sai an duba irin maganar, da wanda ya faɗa wa, da wanda ya biya kuɗinta.

Abin da Hausa ta riga ta raba

Kakanninmu ba su rikita waɗannan abubuwa ba. Sun ce gaskiya ɗaci gare ta, sun kuma girmama mai tsage ta a gaban sarki. Amma su ɗin ne suka ce magana zarar bunu ce, suka ce baki shi ke yanka wuya, suka ce sauri ya haifi nawa. Suna da kalmar katoɓara, suna da suɓul da baka, suna da zafin kai, kuma babu ɗaya a cikinsu da uba zai so a kira ɗansa da ita ranar neman aure. Ku gwada ku gani. In aka je bincike gidan saurayi aka ce "yaron kirki ne, sai dai abin da ya zo bakinsa shi yake faɗa", wane uba ne zai ji wannan a matsayin yabo? To, mutumin da ba za mu ba shi 'yarmu ba saboda bakinsa, yaya muke ba shi yawun ikkilisiya duka?

Dawakin Tofa ta yi suna da ginin tukwane. Kowace mai gini ta san cewa tukunyar da aka gama yau ba a kai ta wuta yau. Sai ta sha iska ta bushe, in ba haka ba ta fashe a wurin gashi, har ta ɓata na kusa da ita. Yumɓun mai kyau ne, hannun ma gwani ne, gaggawa ce kawai ta jawo hasara. Haka gaskiya take a bakin mai garaje. Sau da yawa abin da ya faɗa daidai ne, amma ya fito da shi ɗanye.

Abin da Kano ta gani da idonta

Ba sai mun je nesa neman misali ba. Tsofaffinmu sun san marigayi Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi, gwamnan farar hula na farko a Jihar Kano. Kowa ya shaida ba ya tauna magana. Da ya hau mulki a watan Oktoba 1979 ya soke haraji da jangali, abin da Malam Aminu Kano da 'yan NEPU suka yi ta fafutuka a kai tun 1950. Iyayenmu manoma, Kirista da Musulmi, waɗanda suka san wulaƙancin da ake sha a kan kuɗin haraji, sun yi masa addu'a. Wannan ƙarfin hali ne da aka daɗe ana tunaninsa, aka shirya masa, ya kuma amfani talaka.

A watan Yuli 1981 gwamnatin nan tasa ta aika wa Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero takardar tuhuma, ta ba shi awa 48 ya ba da amsa. Ranar 10 ga wata gari ya kama da wuta. An ƙone gine-ginen gwamnati, an kuma kashe Dokta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara kan siyasa. Alhakin jininsa yana kan waɗanda suka kashe shi, babu tantama. Amma ku duba, gwamna ɗaya ne, halin ɗaya ne, mutane kuma da suna ɗaya suke kiran abubuwan biyu. Na farko ya sauke wa talaka kaya. Na biyu ya bar wata mata da takaba da marayu.

Mu ma a tarihin bishara muna da namu. A shekarar 1900 Bishop Tugwell da Likita Walter Mila da abokansu uku na mishan ɗin CMS suka taso daga Legas suka shiga birnin Kano ba tare da an gayyace su ba. Himmarsu ba abin raini ba ce, sun yi tafiyar watanni, sun sa ransu a hannu. Sarki Alu ya ba su kwana uku su bar masa gari. Suka koma Girku a ƙasar Zazzau, ɗayansu ya rasu a can, ba su kuma bar ko majami'a ɗaya a Kano ba. Likita Mila ya koyi darasi. Ya zauna a Zariya daga 1905, yana ba da magani, yana koyarwa, yana naƙaltar harshenmu, har Littafi Mai Tsarki cikakke ya fito da Hausa a 1932. A ƙasar Kano ma ƙofa ta buɗe ne ta hanyar jinyar kutare da mishan ɗin SIM ya kama a shekarun 1930, da asibitin ido da aka buɗe a 1943, wanda har yau Musulmi da Kirista suke cika shi. Kwana uku na himma ba su yi abin da shekaru talatin na haƙuri suka yi ba.

Sai watan Oktoba 1991. An shirya wa mai bishara Reinhard Bonnke, Bajamushe, babban taron wa'azi a Kano. An cika gari da fastoci na talla da sanarwa, a lokacin da Musulmi da yawa suke jin haushin cewa an hana nasu baƙon mai wa'azi, Ahmed Deedat na Afirka ta Kudu, irin wannan dama. Rikici ya ɓarke ranar 14 ga wata, taron bai yiwu ba, an fitar da baƙon lafiya, rayuka da dukiya masu yawa suka salwanta. A watan Nuwamba 2002 kuma layi kaɗan a jaridar ThisDay a kan gasar sarauniyar kyau ta duniya suka zama sanadin tarzoma a Kaduna, inda fiye da mutum 200 suka mutu. Gasar ta koma Landan, marubuciyar ta bar ƙasar. Waɗanda aka binne kuwa masu faci ne, da 'yan tireda, da 'yan acaɓa, da yara, yawancinsu ba su taɓa ganin jaridar ba.

Wannan ita ce tambayar Mama a babban sikeli. Mai maganar yakan sami hanyar fita. Masu zuwa rijiya da safe su ne suke zama.

"Ai Bitrus ma haka yake"

Mun san amsar da za a ba mu, gama mun sha jinta. Za a ce Manzo Bitrus mai garaje ne, amma shi Ubangiji ya ɗora a gaba. To, mu buɗe Littafi mu gani ko an taɓa yaba masa a kan garajen. Da ya ja Ubangiji gefe yana tsauta masa a kan maganar gicciye, amsar da ya samu tana cikin mafi zafi a dukan Bishara (Matiyu 16). Da ya cika baki cewa ko kowa ya gudu shi ba zai gudu ba, kafin zakara ya yi cara ya yi musun Ubangijinsa sau uku a gaban baranya. Da ya zare takobi a gonar Gatsemani ya sare kunnen Malkus, an umarce shi ya mayar da shi kube, Ubangiji kuma ya gyara ɓarnar da hannunsa (Yahaya 18, Luka 22). Ku lura da wannan sosai: mutumin da ya zare takobi da dare shi ne ya kasa amsa tambayar yarinya kafin asuba. Garaje da tsoro 'yan ɗaki ɗaya ne.

Bitrus ɗin da muke koyi da shi shi ne na Ayyukan Manzanni sura 4, wanda ya kwana a tsare, ya tsaya gaban majalisa, ya kira su da girmansu na shugabanni da dattawa, ya faɗi abin da ya gani ba ƙari ba ragi, ya ƙi yin shiru, ya kuma ɗauki sakamakon a jikinsa. Shi ne daga baya ya rubuta wa masu bi da suke warwatse a cikin mutanen da ba su yarda da su ba, ya ce su kasance a shirye su ba da dalilin begensu, amma da tawali'u da ladabi (1 Bitrus 3). Ubangiji ya zaɓi Bitrus da rauninsa ne domin ya warkar da shi.

Za a kuma kawo Yahaya Mai Baftisma. Gaskiya ne, ya faɗa wa Hirudus laifinsa keke-da-keke. Amma sarki ya faɗa wa, ba maƙwabcinsa talaka ba. Laifi tabbatacce ya faɗa, wanda kowa ya sani. Kuma kansa ne aka sare, ba na almajiransa ba. Wanda yake so ya ari sunan Yahaya sai ya ari waɗannan ukun tare.

Sauran Littafin ma shaida ɗaya yake bayarwa. Isuwa ya sayar da gadonsa a kan kwanon miya domin bai iya jira ba. Yefta ya yi wa'adi da gaggawa, 'yarsa ce ta biya. Musa ya bugi dutse cikin fushi, bai taka ƙasar alkawari ba. Nabal ya yi wa manzannin Dawuda baƙar magana, da ba domin hikimar matarsa Abigel ba da an hallaka dukan mazajen gidansa (1 Sama'ila 25). Rehobowam ya ƙi shawarar dattawa ya bi ta tsaransa, ya ba jama'a amsa mai kaushi, kabilu goma suka ɓalle a rana ɗaya (1 Sarakuna 12). Babu shakka tsaran nasa sun tafa masa a ranar, sun ce sarki ba ya tauna magana.

A ɗaya gefen ga annabi Natan, wanda ya shiga wurin Dawuda da labarin 'yar tunkiya, sai da sarki ya yanke wa kansa hukunci sa'an nan ya nuna shi da yatsa. Ga Esta, wadda ta yi azumin kwana uku, ta shirya liyafa sau biyu kafin ta buɗe baki, ta kuwa ceci jama'arta. Ga Nehemiya, wanda ya ɗauki wajen wata huɗu yana addu'a kafin ya roƙi sarki. Wa zai ce waɗannan matsorata ne? Akwai kuma wata aya da ya kamata kowane mai bi a ƙasar Kano ya yi nazarinta. Da aka tayar da hargitsi a Afisa, magatakardan gari, wanda ba mai bi ba ne, ya shaida wa taron cewa abokan Bulus ba su zagi abin bautar garin ba (Ayyukan Manzanni 19). Bulus ya yi fiye da shekara biyu a Afisa yana wa'azi har kasuwar masu ƙera gumaka ta faɗi, duk da haka ba a sami zagi ko ɗaya da za a riƙe a kansa ba. Shin mai unguwarmu zai iya ba da irin wannan shaida a kan masu wa'azinmu?

Ba mu ɗora wa wanda aka kashe laifi ba

Akwai zargi mai nauyi da za a iya yi mana, dole mu amsa shi. Wani zai ce, "Kuna nufin duk wanda aka kashe a kan magana shi ya jawo wa kansa?" Allah ya sawwaƙe. Mama Bridget Agbahime, tsohuwa 'yar kasuwa da aka kashe a Kofar Wambai a watan Yuni 2016, ba ta cancanci mutuwa ba, kuma sakin waɗanda aka kama ba tare da an hukunta kowa ba tabo ne a kan shari'ar jiharmu. Deborah Samuel, ɗalibar da aka kashe a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari a Sakkwato ranar 12 ga Mayu 2022, ba ta cancanci mutuwa ba. Babu kalmar da ta halatta wa taron jama'a su ɗauki rai. Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin addini a sashe na 38, da 'yancin faɗar ra'ayi a sashe na 39, ya kuma hana wariya a sashe na 42. Za mu ci gaba da faɗar wannan a gaban kowace hukuma, ba za mu tauna shi ba.

Amma makiyayi da ya san akwai kura a dajin nan, ya gargaɗi tumaki, bai ce kura tana da gaskiya ba. Mu 'yan ƙasa ne, Hausawa, a nan aka binne cibiyarmu. Gonarmu tana jikin gonar Musulmi, burtali ɗaya shanunmu suke bi, sau da yawa ma kaka ɗaya muka haɗa da su. Amfanin gonarmu a Dawanau ake auna shi, 'ya'yanmu a can suke dako da awo. Ba mu da wani gari da za mu koma. Wanda ya zo daga nesa ya yi mana wa'azin zafi na kwana uku da lasifika a juye waje, ya karɓi baiko ya tafi, bai san nauyin da ya bar mana ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Yanzu kuma garaje ya sami abin hawa. A dā katoɓara takan tsaya a dandali, dattawa su taru su kashe wutar kafin dare. Yau yaro yana kwance a ɗaki zai ɗauki murya a WhatsApp ko ya rubuta layi biyu a Facebook, kafin ya tashi daga barci an ji shi a Kano da Katsina. Maganar ba ta gogewa, ba ta ɗauke da fuskarsa ko niyyarsa. Matasanmu, abin da ba za ku iya faɗa a zauren mai unguwa kuna kallon idonsa ba, kada ku aika shi ta waya. In an turo muku zagi a kan bangaskiyarku, ku kai wa fasto, kada ku rama.

Dattawa, ga naku

Kada dattawa su karanta wannan su gyara zama su ce mun gama da yara. Kalmar "garaje" ita ma an mayar da ita sanda. Mun ga inda matashi ya tashi a taron ikkilisiya ya tambayi lissafin baikon godiya na kaka, cikin ladabi, aka ce masa mai zafin kai ne, aka rufe taro da addu'a. Mun ga inda mace ta kawo ƙarar mijinta mai dukanta, aka ce ta cika surutu, ta je ta yi haƙuri. Mun ga inda aka hana yaranmu malamin darasin addinin Kirista a makaranta, ko aka ja wa ɗanmu rai a kan takardar shaidar ɗan ƙasa, ko aka ɗauke yarinya ƙarama daga gidan iyayenta, waɗanda ya kamata su yi magana kuwa suka ce a bar wa Allah, alhali abin da suke tsoro shi ne kada su ɓata da manya. Wannan ba kawaici ba ne. Sunansa tsoro, wani lokaci ma fadanci.

Eli firist ya san abin da 'ya'yansa suke yi a Haikalin Ubangiji, ya yi musu faɗa mai laushi ya bar su a kan aiki, hukunci kuwa ya faɗo wa gidansa duka. Bulus ya tsauta wa Bitrus ido da ido a Antakiya a gaban kowa, domin laifin a gaban kowa aka yi shi (Galatiyawa 2). Bulus ɗin nan da aka yi masa dūka ba bisa doka ba a Filibi bai fita a ɓoye ba, ya ce sai mahukunta sun zo da kansu sun sake shi (Ayyukan Manzanni 16). Ya san dokar ƙasarsa, ya kuma yi aiki da ita. Dattijon da bai taɓa ɓata wa wani babba rai saboda garkensa ba ya binciki kansa.

Ku sani kuma, shirun dattawa shi yake haifar da garajen matasa. In yaro ya ga an cuci ikkilisiya sau uku babu wanda ya taka zuwa gidan hakimi, a karo na huɗu shi zai yi magana, kuma zai yi ta yadda ya iya. Matasan da suka kira sunan ɗan'uwan nan a taron da muka ambata ba wawaye ba ne. Sun gaji ne da wakilan da suke zuwa gaban dagaci su yi gaisuwa su dawo hannu wofi.

To, wa za mu aika?

Manzo Bulus ya rubuta wa Timoti da Titus halayen dattijon ikkilisiya. A ciki akwai cewa kada ya zama mai saurin fushi ko mai neman faɗa, ya zama mai kamunkai, wanda na waje ma suke shaidarsa. A ciki kuma akwai cewa ya iya tsayawa a kan koyarwa ta gaskiya ya tsauta wa masu musunta. Duka biyun ake nema a jikin mutum ɗaya. Saboda haka muna roƙon kowace ikkilisiya, kafin zaɓen dattawa ko na wakilai, in aka ce wane ba ya tauna magana, a yi waɗannan tambayoyi.

Na ɗaya, yakan tabbatar kafin ya faɗa, ko da jita-jita yake aiki? Na biyu, wa yake faɗa wa gaskiyar? In matarsa da 'ya'yansa da matalautan ikkilisiya ne kaɗai suke shan kaifin bakinsa, amma a gaban ciyaman da mai kuɗi sai "ranka ya daɗe", wannan mugunta ce kawai. Na uku, yakan sami mutum a keɓe tukuna kamar yadda Matiyu 18 ta koyar, ko sai taro ya cika? Na huɗu, in aka faɗa masa tasa gaskiyar, yakan karɓa? Mun lura cewa da yawa cikin masu taƙama da faɗar gaskiya su ne ba a isa a gaya musu ba. Na biyar, an taɓa jin ya ce "na yi kuskure, ku gafarce ni"? Bulus kansa, da ya yi wa babban firist magana mai zafi bai san ko wane ne ba, da aka sanar da shi sai ya janye (Ayyukan Manzanni 23). Na shida, ita ce tambayar Mama: in magana ta ɓaci, shi zai biya ko wasu?

Muna kuma ba da shawara kada a aika mutum ɗaya gaban hukuma. A haɗa dattijo mai sanyin baki wanda garin ya sani, da matashi mai ilimi wanda ya riƙe takardu da kwanan wata. A zauna a yi addu'a, a rubuta abin da za a faɗa, a kuma amince a kan abin da ba za a faɗa ba. A fara daga mai unguwa, zuwa dagaci, zuwa hakimi, a bar shaidar kowane mataki a rubuce, in ta kama a sanar da shugabannin CAN na ƙaramar hukuma da lauya. Wannan hanya tana da tsawo, amma ita ce take barin mu da fili da kuma maƙwabci.

A majami'ar da muka ba ku labari haka aka yi a ƙarshe. An aika mutum uku, har da ɗan'uwan nan mai kaifin baki, bisa sharaɗin shi zai karanta takardar sayen filin, dattijo kuma ya yi bayani. Ba mu sami duk abin da muka nema ba, an rage mana 'yan taku a gefen gabas. Amma an kafa iyaka a gaban shaidu, an dasa gamba a kanta, maƙwabcin kuma ya zo gaisuwa da aka yi mana rasuwa bayan wata biyu. Wasu matasa har yanzu suna ganin an yi sanyi da yawa. Muna jin su, ba mu kuma ce ba su da hujja ko kaɗan ba.

Ga ɗan'uwa ko 'yar'uwa da aka saba yi wa kirari da "ba ya tauna magana", muna roƙonka cikin ƙauna, ka je ka tambayi mutum biyu da suke ƙaunarka, ɗaya a gidanka ɗaya a ikkilisiya, abin da mutane suke nufi in sun faɗi haka. Ka yi shiru ka ji amsar har ƙarshe. In ƙarfin hali suke nufi, ka gode wa Allah ka roƙi ƙarin hikima. In kuwa tsoron bakinka suke ji, ka karanta Yakubu sura 3 a gwiwoyinka, gama Ubangijin da ya gyara Bitrus bai gaji da gyara ba. Ga dattijon da ake yabo da haƙuri kuma, ka tambayi gwauraye da marayun ikkilisiyarka ko haƙurinka ya taɓa tsaya musu.

Muna roƙon fastoci da masu bishara su karanta wannan a taron dattawa da na matasa da na zumuntar mata, a tattauna, a aiko mana da ra'ayi, ko da ya saɓa wa namu. Ubangiji ya tsare bakinmu, ya kuma buɗe shi a lokacin da ya dace. Alherin Ubangijinmu Yesu Almasihu ya kasance tare da ku duka. Amin.